Tambayoyi da amsoshi kan sinadaran da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki

Idan ana maganar ƙwaƙwalwa, hankali ya fi tafiya ga saƙon da ke tayar da jiki: motsi, tunani, jin zafi, jin daɗi. Amma wani babban kaso na aikinta ya rataya ne a kan saƙon da ke cewa a dakata. Barci, nutsuwa, farfaɗiya, maye, allurar barci ta tiyata da cutar sarƙe haƙora duk sun haɗu a wannan fage. Ga irin tambayoyin da ɗalibai, masu jinya da masu shan waɗannan magunguna kan yi.

Me ake nufi da sinadarin isar da saƙo mai hanawa?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Yawancinsu ba a manne suke da juna ba. Tsakanin bakin wannan da jikin wancan akwai 'yar tazara da ake kira mahaɗa, wadda faɗinta bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A cikin niyuron saƙo yana gudu ne a matsayin lantarki, amma da ya iso mahaɗa sai ya koma sinadari. Na farko ya feso shi, ya tsallaka tazarar, ya sauka a kan wani furotin da ke jikin na biyu. Wannan furotin shi ne makarɓi.

Niyuron da ke hutawa, cajin cikinsa yana wajen milibolt 70 ƙasa da sifili idan aka gwada da wajensa. Ba zai harba saƙo ba sai cajin ya hau zuwa wajen 55 ƙasa da sifili. Sinadari mai zugawa yana tura shi kusa da wannan iyaka. Mai hanawa kuwa ko dai ya ƙara nisanta shi da ita, ko ya riƙe shi cak inda yake, har zugar da ke zuwa ta tashi a banza. Niyuron ɗaya yakan karɓi dubban irin waɗannan saƙonni, wanda ya rinjaya shi zai bi.

Waɗanne sinadarai ne ke wannan aiki?

Manyan biyu ne. Na farko GABA, mai cikakken suna gama-aminobutirik asid, shi ke riƙe da ragamar hanawa a ƙwaƙwalwa. Na biyu gilaisin, mafi ƙanƙanta a cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su, wanda ƙarfinsa ya fi yawa a laka da gindin ƙwaƙwalwa. A wasu mahaɗai na laka ma tare ake feso su. A ɓawon ƙwaƙwalwa kusan niyuron ɗaya cikin biyar ne ke aikin hanawa. Tsiraru ne a ƙidaya, sai dai da yawansu suna kama wanda suke tsarewa ne a maƙura, a jikinsa ko a daidai inda saƙo ke tasowa, shi ya sa maganarsu take da nauyi.

An san da hanawa tun kafin a san sinadarinta. A 1862 Ivan Sechenov ɗan Rasha ya ɗora gishiri a wani sashe na ƙwaƙwalwar kwaɗo, sai ya ga kwaɗon ya yi nawa wajen janye ƙafarsa daga ruwan asid. Charles Sherrington na Ingila ya bi diddigin lamarin a laka, ya samu kyautar Nobel a 1932. A farkon shekarun 1950 John Eccles ɗan Ostireliya da abokan aikinsa suka soka siririyar allurar gilashi cikin niyuron na kyanwa, suka auna hanawar kai tsaye. Shi kuwa GABA, a 1950 ne Eugene Roberts da Sam Frankel suka ba da rahoton samunsa a ƙwaƙwalwa, wasu masu bincike ma suka gano shi a wannan shekarar. Sai da aka shafe fiye da shekara 15 ana gardama kafin a yarda cewa ɗan saƙo ne na gaske.

Daga ina GABA yake fitowa, kuma ina yake ƙarewa?

Daga gulutamet ake yinsa, wato babban sinadari mai zugawa. Wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai, mai suna GAD ne yake gutsure wa gulutamet ɗan yanki ɗaya, sai ya koma GABA. Wannan enzayim ba ya aiki sai da bitamin B6, kuma an ga haka muraran. A farkon shekarun 1950 jarirai da dama a Amurka sun yi ta jijjiga saboda wata madarar jarirai da zafin sarrafawa ya lalata wa bitamin B6, da aka mayar da bitamin ɗin sai jijjigar ta tsaya. Haka abin yake da isoniyazid, maganin tarin fuka. Wanda ya sha fiye da ƙima yakan faɗi da jijjiga mai wuyar tsayawa, kuma makarinta shi ne a ba shi B6 ta jijiyar jini.

Bayan an feso GABA ba a barinsa ya daɗe a mahaɗa. Akwai furotin masu kwashe shi su mayar cikin niyuron ko cikin ƙwayoyin da ke tallafa masa, can kuma wani enzayim ya wargaza shi. Magungunan farfaɗiya biyu suna cin gajiyar wannan: tiyagabin yana tare masu kwashewa, bigabatirin yana kashe enzayim mai wargazawa. Na biyun yana iya rage wa mutum faɗin abin da idonsa ke gani, don haka ana sa wa mai shansa ido sosai.

Mene ne bambancin GABA-A da GABA-B?

Waɗannan su ne manyan nau'o'in makarɓan GABA biyu. Makarɓin GABA-A shi da kansa ƙofa ne. Gutsattsarin furotin biyar ne suka yi da'ira a fatar niyuron, suka bar rami a tsakiya. A nau'in da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, biyu alfa ne, biyu beta, ɗaya gama. GABA yana da gurbi biyu, kowanne a tsagar da ke tsakanin alfa da beta. Da ya zauna a guraben nan sai gutsattsarin su ɗan murɗa, ramin ya buɗe, kuloraid, wani ɓangare na gishiri mai ɗauke da cajin ragi, ya kwararo ciki, cajin niyuron ya ƙi hawa. Duk wannan yana faruwa cikin 'yan milisakan, wato kashi-kashi na dubu na daƙiƙa ɗaya.

Abin da ya sa makarɓin nan ya zama dandalin masu harhaɗa magunguna shi ne yawan nau'o'insa. Jikin mutum yana da gutsattsari iri 19 da ake zaɓa a haɗa biyar daga ciki, kuma kowane haɗi yana da wurin zamansa da halinsa. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa masu ɗauke da alfa 1 sun fi shafar kasala da barci, masu alfa 2 sun fi shafar rage fargaba, masu alfa 5 kuma suna da hannu a harkar tunawa. Akwai wasu masu ɗauke da gutsuren delta da ke zaune nesa da mahaɗa. Su ba jiran fesowa suke yi ba, ɗan GABA da ya yi yawo a tsakanin ƙwayoyi ya ishe su, sai su riƙa ba da wata hanawa mai sauƙi da ba ta yankewa.

GABA-B kuwa ba shi da rami. In GABA ya sauka a kansa, sai ya tayar da wani furotin a cikin niyuron da ake kira G, shi kuma ya je ya buɗe ƙofofin potasiyam, ya rufe na kalsiyam. Fitar potasiyam tana sanyaya mai karɓar saƙo. Rufe ƙofar kalsiyam a bakin mai aikawa tana rage yawan sinadarin da zai feso. Aikin ya fi nawa amma ya fi daɗewa, har ɗaruruwan milisakan. Norman Bowery na Ingila ne ya bambance shi a wajen 1980. Maganin da ya fi shahara a kansa shi ne bakulofen, wanda ake ba masu ƙagewar tsoka bayan raunin laka, a wasu lokutan ma ta ɗan famfo da ake dasawa ya riƙa zuba shi cikin ruwan laka.

Makarɓin gilaisin ɗan'uwan GABA-A ne na jini: gutsattsari biyar, rami a tsakiya, kuloraid ke wucewa.

Sinadari mai hanawa kullum hanawa yake yi?

A'a. A ganina wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin. Ana yawan koyar da ɗalibai su raba sinadarai gida biyu, masu zugawa nan, masu hanawa can, kamar halin a jikin sinadarin yake. Alhali makarɓi ne ke yanke hukunci. Asetilkolin, wani sinadarin isar da saƙo, in ya sauka a tsokar hannu sai ta ƙanƙance, in ya sauka a zuciya sai bugunta ya ragu. Wannan ragewar ce Otto Loewi ya nuna a 1921, da ya ɗebi ruwan da ya wanke zuciyar kwaɗo ɗaya ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu. Gulutamet, sarkin masu zugawa, yana hana wasu niyuron a retina, shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske. Gilaisin da ke hanawa a laka, shi ne kuma abokin aikin gulutamet a wani makarɓi mai zugawa da ake kira NMDA, wanda ba ya buɗewa sai su biyun sun zauna.

Ko GABA-A ma ba shi da ikon zaɓar inda kuloraid zai nufa. Buɗe ƙofa kawai yake yi, kuloraid ya bi ta inda ya fi ƙaranci. A niyuron na babba akwai famfo mai suna KCC2 da ke ta fitar da kuloraid, don haka ciki yana da kaɗan, in an buɗe sai ya shigo. A niyuron na tayi wannan famfo bai kankama ba, wani mai suna NKCC1 ne ke aiki, shi kuma shigo da kuloraid yake yi. In ƙofa ta buɗe a nan, kuloraid fita yake, cajin ya hau, GABA ya zama mai zugawa. Yehezkel Ben-Ari da abokan aikinsa a Faransa sun nuna haka a jariran ɓeraye a 1989. An kuma ga cewa bayan raunin laka ko na jijiya KCC2 yakan ragu, hanawa ta yi rauni, kuma ana danganta hakan da ƙagewar tsoka da zogin da ba ya jin magani.

Me ya sa ƙwaƙwalwa take bukatar hanawa da yawa haka?

Mota mai birki mai kyau ita ce ke iya gudu ta sha kwana lafiya. Lanƙwasa gwiwar hannunka ka gani: yayin da tsokar gaban dantse take ja, dole ta bayan ta saki, kuma wasu ƙananan niyuron masu hanawa a laka ne ke sa ta sakin ba tare da ka sani ba. A ido, niyuron da haske ya bugi wurinsa yana danne maƙwabtansa, shi ya sa gefen abubuwa yake fitowa tar. A kunne, hanawar gilaisin tana taimaka wa gindin ƙwaƙwalwa ya gane ta wane ɓangare sauti ya fito.

A serebelum, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya mai daidaita motsi, manyan niyuron da ake kira Purkinje su kaɗai ne ke fitar da saƙo daga ɓawonta, kuma saƙonsu duk hanawa ne. A can cikin ƙwaƙwalwa kuma, a cibiyoyin da ke zaɓar motsi, tsarin ya fi ban sha'awa. Akwai niyuron da kullum suke danne motsi. In mutum ya yi niyyar miƙa hannu, sai wasu masu hanawa su hana waɗancan masu hanawa, motsin da ake so ya samu hanya, sauran su ci gaba da zama a danne. A cutar Huntington niyuron masu GABA na wannan yanki ne ke mutuwa, sai jiki ya riƙa fizge-fizge da murɗe-murɗe ba da son mai shi ba.

Me ke faruwa idan hanawa ta lalace?

Misali mafi tayar da hankali shi ne tetanus, cutar sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa, ta shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri da aka yanke da abu marar tsabta. Dafinta yana bin jijiyar motsi a hankali har ya kai laka, ya shiga niyuron masu hanawa, ya datse furotin ɗin da ke ba su damar feso gilaisin da GABA. Daga nan tsokoki sai su ja gaba ɗaya, ta gaba da ta baya a lokaci guda. Muƙamuƙi ya kulle, fuska ta yage kamar mai murmushin dole, baya ya bankare. Maras lafiya yana cikin hayyacinsa yana jin komai, kuma ƙara ko haske ko taɓawa kaɗan sun isa su tayar da abin, shi ya sa ake kwantar da shi a ɗaki mai duhu da shiru. Dafin yana da ƙarfin da ɗan abin da ke kwantar da mutum bai kai ya koya wa garkuwar jiki komai ba, saboda haka wanda ya warke ma sai an yi masa rigakafi.

Sitiriknin, gubar da aka tace a 1818 daga 'ya'yan wata bishiya ta Indiya da kudu maso gabashin Asiya, tana kai wa ga irin wannan hali ta wata hanyar: tana zama a makarɓin gilaisin ta toshe shi, kuma aikinta cikin mintuna ne.

Akwai kuma cututtuka da ba a cika gani ba. A ɗaya, ta gado, makarɓin gilaisin ne yake da naƙasu, sai jariri ya sandare in an taɓa masa hanci ko ya ji ƙara. A wata, wadda aka fara bayyanawa a 1956, garkuwar jiki ce take juya wa mai ita baya, kuma a jinin yawancin masu ita ana samun sinadaran garkuwa da ke kai wa enzayim GAD hari, sai tsokar baya da ta ƙafafu su riƙa ƙagewa. Mawaƙiya Céline Dion ta sanar a 2022 cewa tana fama da ita.

Ke nan farfaɗiya ƙarancin GABA ce?

Wannan taƙaitawa ta yi yawa. Farfaɗiya ita ce niyuron masu yawa su harba saƙo tare a lokaci guda fiye da ƙima, kuma dalilanta suna da yawa: rauni a kai, wahalar haihuwa, sankarau, tsiro, shanyewar ɓarin jiki, gado. Gaskiya ne raunin hanawa yana cikin dalilan. A cutar Dravet, wadda ke farawa tun jariri bai cika shekara ba, ƙofar sodiyam da niyuron masu hanawa suka dogara da ita ce take da matsala, don haka magunguna masu toshe ƙofar sodiyam, irin su kabamazefin, sukan ƙara dagula lamarin.

Amma akwai inda yawan hanawa ne ke da hannu. A irin farfaɗiyar da yaro yake ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ya ƙura ido, sannan ya ci gaba da abin da yake yi, hanawa ce take jera niyuron a kan kiɗa ɗaya. Bigabatirin da tiyagabin, da ke ƙara GABA, suna iya tsananta ta. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum ɗaukar maganin farfaɗiyar wani ya ba wani.

Ga wanda ya tarar da mai jijjiga: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi gefe, kada a cusa masa komai a baki, kada a danne shi, a duba agogo. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, lamarin gaggawa ne. Yayin da jijjiga take tsawaita, niyuron suna janye makarɓan GABA-A daga fatarsu zuwa ciki, sai maganin da zai yi aiki da wuri ya rasa inda zai kama in an makara.

Yaya dayazefam da 'yan'uwansa suke aiki?

Ana kiran dangin nan na magungunan kwantar da hankali da sa barci benzodayazefin. Leo Sternbach ne ya haɗa na farkonsu a 1955, aka fito da shi kasuwa da sunan Librium a 1960, Valium, wato dayazefam, ya biyo baya a 1963. An shekara da yawa ana rubuta su ba a san inda suke kamawa ba, sai a 1977 aka gano gurbinsu a ƙwaƙwalwa. Gurbin yana kan makarɓin GABA-A, a tsagar da ke tsakanin alfa da gama, dabam da na GABA. Maganin ba ya buɗe ƙofa da kansa. Abin da yake yi shi ne in GABA ya zo, ƙofar ta riƙa buɗewa a kai a kai fiye da da.

Babiturat, wani dangin magungunan sa barci, irin su fenobabital da aka fito da shi a 1912, suna sa ƙofar ta daɗe a buɗe, kuma in sun yi yawa suna buɗe ta ko babu GABA. Wannan bambanci shi ne tsakanin rai da mutuwa. Benzodayazefin yana da iyaka, domin bai wuce ƙarfafa GABA ɗin da ke nan ba, babiturat kuwa yana iya ci gaba har numfashi ya tsaya. Profofol, farar allurar da ake sa majiyyaci barci da ita kafin tiyata, ita ma a wannan makarɓi take aiki, shi ya sa ba a ba da ita sai da mai lura da numfashi a tsaye. Benzodayazefin yana da makari mai suna fulumazenil, amma likitoci suna taka-tsantsan da shi, domin ga wanda jikinsa ya saba da maganin yana iya tayar da jijjiga.

Me ya sa ake cewa kada a daina su kwatsam?

Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta har abada. In aka yi makonni ana ƙara mata hanawa, sai ta gyara zama: ta sauya yawan makarɓai da irinsu, ta ƙara ƙarfin ɓangaren zugawa. Daga nan ƙwaya ɗaya ta daina isa. In kuma aka cire maganin rana ɗaya, zugar da aka ƙara tana nan, abin da ke danne ta ya tafi. Sai rashin barci, fargaba, karkarwa, gumi, wani lokaci jijjiga. Hanyar da ta dace ita ce a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a hannun likita, ko da zai ɗauki watanni.

Barasa ma haka take. Tana ƙarfafa GABA-A, tana kuma danne makarɓin NMDA. Mashayin da ya daɗe yana sha sosai, in ya tsaya kwatsam, karkarwa takan fara cikin yini guda, jijjiga cikin kwana biyun farko, sannan daga kwana na 2 zuwa na 4 wasu su shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, wanda yana iya kisa. A asibiti da benzodayazefin ake kwantar da wannan, domin makarɓinsu ɗaya.

Haɗa su kuwa shi ne babban haɗari. Benzodayazefin shi kaɗai ba kasafai yake tsayar da numfashin lafiyayyen mutum ba, amma in ya haɗu da barasa ko da dangin ofiyom, irin su mofin, kodin da tiramadol, labari ya sha bamban. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa benzodayazefin da dangin ofiyom. Ga tsofaffi kuma akwai ƙarin matsalar faɗuwa, karaya da mantuwa.

Gabafentin da piregabalin a makarɓin GABA suke aiki?

A'a. Waɗannan magunguna na farfaɗiya da zogin jijiya an ƙera su ne da siffar GABA, amma da aka bincika sai aka tarar a wani gutsure na ƙofar kalsiyam suke kamawa, su rage fesowar sinadarai masu zugawa. Duk da haka suna sa kasala, jiki yana sabawa da su, kuma suna ƙara haɗarin tsayawar numfashi in an haɗa da dangin ofiyom.

Ƙwayoyin GABA da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci suna amfani?

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tace abin da zai shiga, kuma GABA ba ya tsallaka shi da sauƙi. Ƙwaƙwalwa tana yin nata a inda take bukata, a lokacin da take bukata. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, ba su kai a kafa hujja da su ba. Mai fama da fargaba ko rashin barci da ya daɗe, ganin likita ya fi masa sayen kwalba.

Ina ruwan waɗannan sinadarai da barci da dannau?

A gaban haifotalamus, wani ƙaramin sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, akwai wani gungun niyuron masu GABA da ke tashi aiki in barci ya zo, su danne cibiyoyin da ke riƙe mutum a farke. Su ma waɗancan cibiyoyin suna danne su da rana, kowa yana jiran ya samu sa'ar ɗan'uwansa. Akwai kuma adenosin, wani mai hanawa da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, yana zama a makarɓinsa ya tare shi, kuma rabin kafeyin ɗin da aka sha yakan kai wajen awa 5 kafin ya bar jini.

A matakin barci da aka fi yin mafarki, GABA da gilaisin suna danne niyuron da ke motsa tsokoki, sai na ido da na numfashi ne ke ci gaba da aiki sosai. In mutum ya farka wannan dannewa ba ta riga ta sake shi ba, ya ji yana gani yana ji amma ya kasa ɗaga ko yatsa, shi ne dannau. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara yawansa. Kishiyarsa ta fi bukatar kulawa: wanda dannewar ba ta kama shi, yana naushi da shuri cikin mafarki. A tsofaffi wannan yakan riga cutar Parkinson zuwa da shekaru.

Barcin magani kuma bai yi daidai da na ɗabi'a ba. Benzodayazefin yana sa a yi saurin yin barci, amma yana rage zurfinsa.

Jiki yana da nasa abin da ke ƙarfafa GABA-A?

Yana da shi. Daga homon ɗin furojestaron jiki yana yin alofiregnanolon, mai ƙarfafa makarɓin sosai. Yana hauhawa lokacin goyon ciki, ya faɗi warwas bayan haihuwa. Wannan ne ya kai ga magunguna biyu na ciwon damuwar bayan haihuwa da Amurka ta amince da su: bireksanolon a 2019, wanda a da ake ƙarawa ta jijiyar jini na awa 60 kafin a daina sayar da shi a ƙarshen 2024, da zuranolon a 2023, wanda ake sha kwana 14. Hawa da saukar wannan sinadari suna cikin dalilan da ke sa farfaɗiyar wasu mata ta fi tashi dab da al'ada.

Gaskiya ne wasu magungunan ƙwari a nan suke aiki?

Gaskiya ne. Ƙwari ma suna da ƙofofin kuloraid da GABA ke buɗewa. Fifronil yana toshe su, kuma ya fi kama na ƙwari a kan na mutum. Tsofaffin magunguna irin su lindan, diyeldirin da endosulfan ba su da wannan bambancewa sosai, wanda ya sha su yakan zo asibiti da jijjiga, kuma yarjejeniyar Stockholm ta sa su cikin sinadaran da za a kawar. Ibamektin, maganin tsutsar da ke makantar da mutane a bakin koguna, wanda ya sa William Campbell da Satoshi Ōmura suka samu kyautar Nobel a 2015, akasin haka yake yi. Yana buɗe wata ƙofar kuloraid da tsutsotsi da ƙwari ke da ita, mutum ba shi da ita, ya bar ta a buɗe har tsutsar ta shanye. A jikin mutum akwai famfo a shingen ƙwaƙwalwa da ke mayar da maganin cikin jini. Wasu karnuka, musamman jinsin koli, suna gadon naƙasu a wannan famfo, kuma adadin da wani kare zai ɗauka lafiya yana iya jefa su cikin dogon suma.